Kurakuran da aka fi yi a doguwar tafiyar jirgin ruwa a Kogin Mekong, da yadda ake gyara su

Kogin Mekong yana tasowa ne daga tsaunukan Tibet, ya ratsa Caina, Myanmar, Laos, Tailan, Kambodiya da Biyetnam, tafiyar da ta haura kilomita 4,300 kafin ya faɗa teku. Mai kallon taswira sai ya ɗauka jirgi ɗaya zai ɗauke shi daga arewa har kudu. Ba haka ba ne. A kudancin Laos, dab da iyakar Kambodiya, kogin yana zubowa ta kan duwatsun Khone, kuma babu jirgin da ke wuce wurin. Faransawa sun gwada a zamanin mulkinsu, da abin ya gagara sai suka shimfiɗa ɗan gajeren layin dogo a tsibiran wurin cikin shekarun 1890, suna sauke kaya suna kewayewa.

Saboda haka tafiya biyu ce daban. Ta sama tana cikin Laos, daga Huay Xai a iyakar Tailan zuwa Luang Prabang, wasu jiragen kan zarce har Vientiane, babban birnin ƙasar. Nan ne ake ganin duwatsu da dazuzzuka da ƙauyukan ƙabilun Khmu da Hmong. Ta ƙasa kuwa tsakanin Siem Reap a Kambodiya da birnin Ho Chi Minh a Biyetnam take, yawanci kwana bakwai a kan ruwa, cikin fadama da gonakin shinkafa da kasuwannin kwale-kwale. Wanda ke son duka biyun sai ya haɗa su da jirgin sama, ya ware aƙalla mako biyu zuwa uku. Kuskure na farko shi ne biyan kuɗi ba tare da sanin wane ɓangaren kogin aka saya ba.

Watan da ka zaɓa shi ne rabin tafiyar

Takardar talla takan ce jirgi zai tashi daga Siem Reap ya ratsa tafkin Tonle Sap. Gaskiya ne, amma a 'yan watanni kawai cikin shekara. Dalilin yana da ban mamaki. Idan damina ta kankama, ruwan Mekong yakan yi yawa har ya tura kogin Tonle Sap, wanda ya haɗa tafkin da Mekong, baya daga Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ruwa ya riƙa gudu zuwa tafkin maimakon ya fito daga cikinsa. Tafkin da a rani faɗinsa bai wuce murabba'in kilomita 2,700 ba, zurfinsa kamar mita ɗaya, sai ya ninka wajen sau biyar, zurfin ya kai mita tara. A lokacin ne kaɗai, kusan Satumba zuwa Nuwamba, babban jirgi ke iya ratsawa. Sauran watanni za a ɗura ku a bas daga Siem Reap zuwa Kampong Cham ko Prek Kdam, awa huɗu zuwa biyar a kan titi, can za ku tarar da jirgin. Kamfanoni ba sa mayar da kuɗi kan wannan, don sun rubuta shi cikin ƙananan rubutun yarjejeniya.

Ko a watannin ruwa ma ba tabbas. A 2019 da 2020 juyawar kogin ta makara ƙwarai saboda fari da madatsun ruwan da aka gina a sama. Kafin ka biya, ka tambayi kamfanin a rubuce: a ranar da na zaɓa, daga wace tasha jirgin zai tashi, kuma awa nawa zan yi a mota? Amsar ce za ta nuna maka ko tafiyar ta kwana bakwai ce da gaske, ko ta shida da rabi.

A Laos matsalar daban ce. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu manoma na ƙona gonaki a kan tuddai, hayaƙi ya rufe kwari kamar hazon hunturu mai ƙarfi, har duwatsun da ka biya kuɗi don ka gani su ɓace. Mai asma kada ya kusanci arewacin Laos a wannan lokaci. Afrilu kuma shi ne watan zafi, yakan kai digiri 40, ruwa ya janye, duwatsun cikin kogi su fito. Nuwamba zuwa Janairu ne lokaci mafi daɗi, amma mutane da yawa na zuwa da kayan zafi kawai. Da asuba a Disamba, jirgi yana tafiya iska tana kaɗawa, sanyi ne sosai. Ka sa rigar sanyi ɗaya da safa a jaka.

Akwai bukukuwa biyu da ke sauya komai: sabuwar shekarar Laos da Kambodiya a tsakiyar Afrilu, da bikin ruwa na Bon Om Touk a Phnom Penh wajen Nuwamba, lokacin da ake tseren kwale-kwale, gaɓar kogi ta cika maƙil. Idan don su ka zo, madalla. Idan ba haka ba, ka kauce wa ranakun.

Biza: inda mai fasfon Afirka ya fi faɗawa

Yawancin bayanan da ke intanet kan wannan tafiya an rubuta su ne don Turawa, shi ya sa za ka ga ana cewa ana karɓar biza a bakin iyaka. Laos tana da jerin ƙasashen da ba ta ba 'yan cikinsu biza a iyaka, kuma Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru sun daɗe a cikin jerin. Kambodiya ma tana gindaya ƙarin sharuɗɗa ga masu fasfon Najeriya da Sudan. Wanda ya iso gadar Chiang Khong, wadda ta haɗa Tailan da Huay Xai kuma aka buɗe a Disamba 2013, da niyyar karɓar bizar Laos a wurin, zai iya tsayawa yana kallon jirginsa a ɗaya gaɓar. Ka fara neman biza wata uku kafin tafiya, ka samu takardar gayyata ko ta shaida daga kamfanin jirgin, kuma ka tabbatar da sharuɗɗan daga bakin ofishin jakadancin, don sukan canza.

Kuskure na biyu ya shafi wurin shiga. Jirgin da ke tafiyar ƙasa yana ƙetare iyaka ne a kan ruwa, tsakanin Kaam Samnor a Kambodiya da Vinh Xuong a Biyetnam. Bizar intanet ba ta aiki a kowace ƙofa. Ta Biyetnam, wadda aka buɗe wa 'yan kowace ƙasa a Agusta 2023, ana rubuta sunan ƙofar shiga a jikinta. Ka rubuta filin jirgin sama alhali ta kogi za ka shigo, an samu matsala, kuma matsalar ba taka kaɗai ba ce, don jirgi duka zai tsaya. Ka tambayi kamfani ainihin sunan ƙofar da za ka rubuta. Ka ƙirga kuma sau nawa za ka shiga kowace ƙasa: wanda ya sauka a Bangkok, babban birnin Tailan, ya shiga Laos, ya dawo Bangkok don komawa gida, shiga Tailan biyu ya yi.

Fasfo ya zama da sauran aƙalla wata shida da shafuka huɗu marasa komai. Katin rigakafin shawara kada a bar shi a gida, Tailan da Kambodiya suna nemansa daga wanda ya fito daga ƙasashen da cutar take, kuma sai bayan kwana goma da yin allurar yake fara aiki. Hanyar mota tsakanin Bangkok da Siem Reap ma kada a dogara da ita ba tare da bincike ba, tunda rikicin 2025 tsakanin ƙasashen biyu ya sa an rufe iyakokin ƙasa.

Jirgi da ɗaki

Daga Huay Xai zuwa Luang Prabang kimanin kilomita 300 ne. Jirgin haya mai tafiya a hankali yana yin kwana biyu, awa shida zuwa takwas kowace rana, a kwana a garin Pakbeng. Inji a baya yake, ba abin da ya rufe shi, ga ƙara ga hayaƙi. Wanda ya makara shi ke zama kusa da shi. Ka zo tasha awa ɗaya da rabi kafin tashi, ka kama kujera a tsakiya ko gaba, ka taho da ruwa da abinci. Ranar isowa kuma ba cikin gari ake sauka ba, tashar na wajen kilomita 10 daga Luang Prabang, sai an hau tuk-tuk, wato irin keke napep ɗinsu.

Akwai ƙananan kwale-kwale masu gudu da ke cinye tafiyar a rana ɗaya, ana ba fasinja hular kwano. Hular kaɗai ta isa ta gaya maka komai. Kogin cike yake da duwatsu da kututturan itace, kuma an sha yin haɗari. Mai sauri ya hau jirgin ƙasan Laos da Caina da aka buɗe a Disamba 2021, sai dai ba ya bi ta Huay Xai.

A manyan jirage masu ɗakunan kwana, araha ba ta ado. Ɗaki mafi sauƙin kuɗi yana hawa na ƙasa ta baya, kan inji da janareto da ke aiki dare duka. Na can gaba kuma shi ke jin ƙarar sarƙar anga da asuba. Tsakiyar jirgi a hawa na biyu ya fi. Baranda ba ta da amfanin da ake zato, don idan aka tsaya a gari sau da yawa wani jirgin ake ɗaurewa a gefenka. Abin da ya fi muhimmanci shi ne girman jirgin: mai ɗaukar mutum 30 yana iya tsayawa a ƙauyen da mai ɗaukar 120 ba zai kusanta ba.

Mutane na mantawa da cewa yawancin ƙauyuka ba su da tasha. Jirgi zai dafa gaɓa, a miƙa katako ɗaya, ma'aikata biyu su riƙe gora a matsayin abin dafawa, ka hau gangaren laka ko yashi. A rani gangaren yakan yi tsawo don ruwa ya ja baya. Silifas mai santsi a nan yake kayar da mutum. Takalmi mai riƙe ƙasa ake so, amma wanda ake cirewa da sauri, don za ka cire shi sau da yawa a rana. Dattijo mai ciwon gwiwa a gaya masa gaskiya tun farko: wurin bauta na Wat Hanchey da ke kan tudu arewa da Kampong Cham yana da matakala wajen 300, haka ma tudun Phousi a Luang Prabang.

A wuraren bauta

Nan ne baƙo ya fi ɓata wa masu gida rai ba tare da ya sani ba, domin ba za su nuna masa ba. Murmushi za su yi su kau da kai. Wat, wato wurin bautar mabiya Buda, ba gidan tarihi ba ne. Mutane na zaune a ciki, yara na karatu, ana ibada kullum. Wat Xieng Thong na Luang Prabang da Sarki Setthathirath ya gina wajen 1560 har yau sufaye, wato mabiya Buda da suka keɓe kansu don ibada, na cikinsa.

Sutura ta rufe kafaɗa da gwiwa, ga namiji da mace. Wanda ya saba da kaftani ko doguwar riga da mayafi ba shi da matsala a nan, sai dai hula: ana cire hula da takalmi kafin shiga zauren da mutum-mutumin Buda yake. Ba a taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi. Idan aka zauna, ba a miƙe ƙafa wajen mutum-mutumin ko wajen sufi, naɗe ta ake yi baya, don a wurinsu ƙafa ita ce mafi ƙasƙanci a jiki, kai kuma mafi daraja. Dalilin da ya sa ba a shafa kan yaro ke nan, ko da wasa. Mace ba ta taɓa sufi, ba ta miƙa masa abu hannu da hannu, ajiyewa take yi ya ɗauka. A jirgin haya ma ba ta zama dab da shi. Ba a hawa jikin gini ko jingina da mutum-mutumi don hoto.

Abin da ya fi lalacewa saboda baƙi shi ne zagayen asuba na Luang Prabang, wanda ake kira tak bat. Wajen ƙarfe biyar da rabi zuwa shida sufaye ke fitowa a jere, ba takalmi, cikin mayafi ruwan lemo, kowa da ƙwaryarsa a rataye. Mutanen gari na durƙushe a gefen titi suna ɗebo shinkafa mai danƙo daga kwandon gora suna zuba musu, babu mai cewa uffan. Abincinsu ke nan na yini, don ba sa ci bayan rana ta take. Sai ka ga baƙo ya shiga tsakiyar layi ya haska musu fitilar kyamara a ido, wani ya saye biskit a hannun 'yan talla yana jefawa. Idan kallo ka zo yi, ka tsaya a ɗaya gefen titi, ka kashe fitilar kyamara, ka yi shiru, kada ka hau bas ko baranda ka tsaya a saman kawunansu. Ba wanda ya ce dole ka bayar da komai.

Musulmi ko Kirista da ba ya son shiga wani abu na ibadarsu yana da hanya mai sauƙi, amma sai ya yi magana da wuri. Jirage da dama na shirya wa fasinja addu'ar sufaye a Oudong, tsohon babban birnin Kambodiya har 1866, inda ake yayyafa ruwa ko furanni. A Laos akwai baci, inda dattawa ke ɗaura wa baƙo farin zare a hannu. Ka gaya wa jagora tun ranar farko cewa kallo kawai za ka yi. Janye hannu a gaban dattijo bayan ya miƙo zare shi ne abin kunya, ga kai ga shi.

A kogon Pak Ou, kilomita 25 kafin Luang Prabang, inda kogin Ou ya haɗu da Mekong, yawancin mutane na tsayawa a kogon ƙasa su koma. Na sama ya fi shiru, amma duhu ne, sai da tocila. Dubban ƙananan mutum-mutumin da ke ciki ba a taɓa su. Fitar da tsohon mutum-mutumin Buda daga Laos ko Kambodiya laifi ne, ko da a kasuwa ka saya.

Angkor Wat kuwa, babban wurin bautar da ke kusa da Siem Reap, wanda Sarki Suryavarman na biyu ya gina a ƙarni na 12 don Vishnu, abin bautar mabiya Hindu, kafin ya koma hannun mabiya Buda, kwana ɗaya ba ya isarsa. Tun 2017 tikitin kwana ɗaya dala 37 ne, na kwana uku 62. Ka ɗauki na ukun, ka fita da sassafe, ka huta da tsakar rana. Hasumiyar sama ana rufe ta a ranakun ibada, kuma ba a barin yaro ɗan ƙasa da shekara 12 ya hau.

A ƙauyuka

Rabon alewa da kuɗi ga yara a bakin kogi alheri ne a ido, amma shi ke sa yaro ya bar aji ya tare jirgi. Mai son bayarwa ya sayi littattafan rubutu da fensir, ya miƙa wa malami ko mai gari ta hannun jagora. Mafi alheri ma ya sayi saƙa a hannun matar da ta saƙa, ba tare da matsa mata kan dala ɗaya ba. A tambaya kafin a ɗauki hoto. A cire takalmi kafin hawa gida. Idan ka ga alamar gora da aka saƙa kamar tauraro a ƙofar gida ko bakin hanya, kada ka shiga.

Kada kuma ka bar hanyar da mutane ke bi ka kutsa daji. Tsakanin 1964 da 1973 Amurka ta zuba bama-bamai sama da tan miliyan biyu a Laos, kuma kimanin kashi 30 cikin 100 na ƙananan bama-baman ba su fashe ba. Ƙarfen da ka gani a ƙasa, ka bar shi inda yake.

Abinci da sallah

Naman alade yana ɓoye a romo da cikin naɗin da ake soyawa, ko da an ce abincin ganye ne. Ka sanar da jirgi a rubuce wata guda kafin tafiya, ka maimaita wa mai dafa abinci ranar shiga. Kifi da shinkafa da kayan lambu sun wadata. Akwai Musulmi 'yan ƙabilar Cham a Kampong Cham da Phnom Penh da kewayen Chau Doc a Biyetnam, da masallatansu da gidajen abincinsu, sai ka roƙi jagora ya daidaita maka lokaci. Alƙibla daga nan yamma take, ta ɗan karkata arewa, kusan digiri 288 daga Phnom Penh, 283 daga Luang Prabang. Jirgi yana juyawa da kwanar kogi, don haka ka duba kamfas kafin kowace sallah. Agogonsu yana gaban na Najeriya da awa shida.

Lafiya

Babban kuskuren wanda ya tashi a ƙasar maleriya shi ne ɗaukar kowane zazzaɓi a matsayin maleriya. A Mekong zazzaɓin denge ya fi yawa a garuruwa, saurensa da rana yake cizo, kuma asfirin ko ibuprofen na iya jawo zubar jini ga mai shi. Farasitamol kawai za ka sha, ka nemi gwajin jini. Man korar sauro mai DEET kashi 30 zuwa 50 a shafa shi da safe da yamma.

Ɗanyen kifi da aka kwaɓa da yaji da lemon tsami kada a ci, yana ɗauke da tsutsar hanta. Wanka a kogi a yankin Khong na Laos da Kratie da Stung Treng na Kambodiya yana jawo wani nau'in tsargiya. Idan kare ko biri ya cije ka ko ya yakushe ka, ka wanke wurin da sabulu da ruwa minti 15, ka nemi allurar rigakafin ciwon haukan kare a ranar. Gudawa kuwa kusan kowa na gamuwa da ita, sai ka haɗa ruwan gishiri da sukari ka riƙa sha: lita ɗaya ta ruwan gora, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Magungunanka na kullum ka taho da na kwanakin duka da ƙarin mako ɗaya, cikin kwalinsu. Inshorar da ba ta ɗauke nauyin kai ka Bangkok ta jirgin sama ba, ba ta da amfani tsakanin Pakbeng da Pak Ou.

Kuɗi da ranar komawa

Kambodiya na amfani da dalar Amurka tare da riyel, kusan 4,000 a dala ɗaya, amma takardar dalar da ta yage ko ta yi datti da wuya a karɓa. Ka taho da sababbi, ƙanana. Kuɗin Laos ba ya canzuwa a waje, ka kashe shi kafin ka fita. A Biyetnam takardar 500,000 da ta 20,000 duk shuɗi ne, ka raba musu aljihu. Katin banki ba ya aiki a ƙauye. Ka tambaya ko ihsanin ma'aikata na cikin farashin, don in ba ya ciki, a daren ƙarshe za a ajiye maka ambulan. Fulogi mai ƙafa uku irin na Najeriya yana buƙatar adafta.

Manyan jirage ba a cikin birnin Ho Chi Minh suke sauke fasinja ba, a My Tho ne, kimanin kilomita 70, sannan ga cunkoson birni. Sabon filin jirgin Siem Reap da aka buɗe a Oktoba 2023 shi ma yana da nisan sama da kilomita 40 daga gari. Hazo da ƙarancin ruwa da jami'an iyaka duk suna iya cinye rabin yini, don haka tikitin komawa gida a saye shi na washegarin ranar sauka.